Kare Kai a Shari'ar Ƙasar Kano: Asalinsa da Iyakokinsa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Kunci, arewa da Kano, gonaki sun matsi juna har burtali ya ƙuntata. Da kaka, dabba kan faɗa gona, gardama ta tashi tsakanin mai lauje da mai sanda. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin hukuncin wanda ya ɗaga makami domin tsare ransa ko dukiyarsa a irin wannan hali.

2.0 Fiƙihun Malikiyya

Kafin zuwan Turawa Kano a 1903, alƙalai na hukunci ne da littattafan Malikiyya, musamman Muhtasar na Halil, shari'ar kisa kuwa sai a majalisar Sarki. Malamai sun halatta tunkuɗe maƙetaci, watau sa'ili, amma da sharuɗɗa: a fara da gargaɗi in mai hankali ne, kuma ba a nufin kisa sai an tabbata ba abin da zai tsayar da shi sai shi. Wuyar al'amarin ita ce shaida. Wanda ya amsa kisa, ya ce shi aka fara kai wa hari, shi ake nema ya kawo hujja, alhali a gona ba safai akan sami shaidu ba.

3.0 Zuwan Final Kod

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Shawararsa ta haifar da Final Kod ta 1959, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ita ma bisa ta Indiya ta 1860, ta kuma fara aiki a 1960. Sashe na 59 zuwa 67 sun tabbatar da haƙƙin kare kai da dukiya, suka kuma kafa masa iyaka biyu: kada ɓarnar ta wuce gwargwadon bukata, kuma babu wannan haƙƙi in akwai lokacin neman hukuma. Wanda ya zarce iyaka da kyakkyawar niyya, ba da shiri ba, sashe na 222(2) ya ɗauke masa hukuncin kisa, amma bai wanke shi ba.

4.0 Haɗarin da ke Ciki

Shari'ar Sunday Jackson, wani manomi a Adamawa, ta fito da kaifin wannan iyaka. Ya ce makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta, ya soke shi. Babbar Kotun Yola ta yanke masa kisa a 2021, bisa dalilin cewa da ƙwace wuƙar ya sami damar gudu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Maris 2025, sai afuwar gwamna ce ta cece shi a ƙarshen shekarar.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga fiƙihu da Final Kod sun haɗu a kan ƙa'ida guda: haƙƙin na tsayawa da zarar haɗari ya gushe. Al'ada na kiran mai gudu rago, shari'a kuwa takan tambayi wanda ya tsaya dalilin tsayawarsa. Mai bin ɓarawo bayan ya juya baya, da taron da ke dukan wanda aka riga aka kama, duk sun fita daga kariyar doka.