Mutuwar ƙarfi da harbin inji a ƙananan motocin daji: dalilai da hanyoyin gyara

Ƙananan motocin daji, waɗanda aka fi sani da UTV, motoci ne masu ƙafa huɗu da ƙaramin bodi a baya, da ake amfani da su a manyan gonaki da wuraren kiwo da duk inda hanya ba ta da kyau. Kamfanin Kawasaki ya fitar da samfurin Mule a 1988, John Deere ya biyo baya da Gator a 1992, sannan Polaris ya shigo da Ranger. Daga cikin matsalolin da masu su suka fi kokawa da su akwai mutuwar ƙarfin inji tare da harbi, wato ƙarar fashewa da ke fita ta salansa ko ta mashigar iska. Sau da yawa tushen alamomin biyu ɗaya ne, kuma sakaci da su kan kai ga ƙonewar bawul, ko ma tashin gobara.

Yadda harbin ke faruwa

Injin fetur yana buƙatar abubuwa uku: cakuɗar iska da mai daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi a cikin silinda, da tartsatsin fulogi a daidai lokacinsa. Ma'aunin da ya dace shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Idan ɗaya daga cikin ukun ya sami tangarɗa, man ba ya ƙonewa a inda ya kamata, sai ƙarfi ya ragu, ragowar kuma ta kama wuta a waje.

Wurin da ƙarar ta fito shi ne jagora na farko. Harbi ta mashigar iska yakan nuna mai ya yi ƙaranci, ko wuta ta zo ba a kan lokaci ba, ko bawul ɗin shiga bai rufe sosai ba. Cakuɗar da mai ya yi wa kaɗan a hankali take ci, har bawul ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba. Harbi ta salansa kuwa alama ce ta man da bai ƙone ba ya isa bututu mai zafi.

Mai da hanyarsa

A nan ake fara bincike. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki yakan bar danƙo da ke toshe ƙananan ramukan kafireto ko bakin injekta. Gurɓataccen mai, ko wanda ruwa ya shiga, shi ma yana haddasa haka. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a bar shi ya natsu. Idan da ruwa, zai kwanta a ƙasa.

Daga nan a duba matatar mai da famfon mai. Alamarsu ita ce mota ta yi sulo lafiya, amma ta shaƙe da zarar an ba ta totur ko ta fara hawan tudu. Idan kuma tana tafiya na 'yan mintoci sannan ta mutu, a buɗe murfin tanki. Jin shigar iska da ƙarfi yana nufin ƙofar numfashin tankin ta toshe.

Iska

Matatar iska da ƙura ta cika tana hana inji numfashi, mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fito. A lokacin hunturu da kan hanyoyin burji, ana bukatar duba ta fiye da yadda aka saba. Akasin haka shi ne tsagewar robar da ke haɗa kafireto da inji, wadda ke shigar da iskar da ba a auna ba.

Tsayin wuri ma yana da tasiri. Injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, raguwar za ta kai wajen kashi 12 cikin 100, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Wuta

Fulogi madubin inji ne. Ruwan ƙasa-ƙasa a bakinsa alamar lafiya ce, baƙin toka busasshe yawan mai ne, fari fat ƙarancin mai ne ko zafi, jiƙewa da baƙin mai kuwa tana nuni ga ringi ko robar bawul da suka gaji. A gwada tazarar bakinsa da adadin da ke littafin motar. Kwayil mai rauni yakan yi aiki da sanyi, ya gaza idan ya ɗauki zafi. A motoci masu injekta, raunin batir da tsatsar mahaɗar wayoyi suna ruɗar da kwamfutar inji, don haka a karanta lambar matsalar da ta nuna kafin a sauya kowace na'ura.

Salansa da bawul

Yawancin waɗannan motoci suna da raga a ƙarshen salansa mai tare tartsatsi don kada ciyawa ta kama. Idan toka ta toshe ta, hayaƙi ba ya samun mafita, ƙarfi ya faɗi. Cire ta a goge da burushin ƙarfe aiki ne na 'yan mintoci. Yoyo a gasket ɗin salansa kuma yana jawo iska, a ji harbi yayin sakin totur.

Idan duk waɗannan lafiya suke, saura cikin inji. Tazarar bawul takan matse da daɗewa, musamman inda ƙura ke shiga, har bawul ya kasa rufewa. Ana auna ta ne inji yana da sanyi. Gwajin matsin silinda zai nuna ko bawul ko ringi ne ke yoyo, kuma wannan aikin ƙwararren bakanike ne.

Abin da ba laifin inji ba

Mafi yawan motocin suna amfani da bel maimakon giya ta hannu. Idan kukan inji yana ƙaruwa amma gudu bai ƙaru ba, ga warin ƙonanniyar roba, bel ne ke sulɓewa. Wannan ba ya haifar da harbi. Jan kaya mai nauyi a babbar giya shi ke saurin cinye shi.

Kariya

Kada a kunna inji a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari mai kisa. Kada a gwada tartsatsi kusa da buɗaɗɗen fetur, kuma kada a bar inji mai harbi yana aiki babu matatar iska. A share busasshiyar ciyawar da ta maƙale a jikin salansa.

Ƙa'idar ita ce a fara da mai sauƙi da arha, a gyara abu ɗaya, a gwada motar, sannan a wuce na gaba. Wanda ya sauya kaya biyar a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi laifin ba, kuma kuɗin huɗu ya tafi a banza.