Tarihin Haɗa Maganin Jarabar Giya Daga Tsirrai

Maganin jarabar giya shi ne wanda ake bai wa mashayi don rage masa ƙishin barasa, ko sa jikinsa ya ƙi karɓarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, amma magungunan da likitoci suka amince da su ba su da yawa, kuma tsirrai na da hannu a tarihinsu.

A duniyar Musulmi, hani ne ya fara zama garkuwa. Suratun Nahli da ta sauka a Makka ta ambaci abin maye da ake samu daga dabino da inabi, sannan haramcin ya kammala a Madina cikin Suratul Ma'ida. Sarki Abdul'aziz ya hana giya a dokar Saudiyya a 1952. Duk da haka ƙasar ta gina asibitocin Al-Amal a Riyad da Jidda da Dammam domin waɗanda shaye-shaye ya kama, shaida ce cewa doka na tsare mai lafiya, wanda ya riga ya kamu kuwa sai magani.

Maganin zamani na farko, disulfiram, ba daga tsiro ya fito ba. Jens Hald da Erik Jacobsen ne suka bayyana amfaninsa a Denmak a 1948. Idan mutum ya sha giya, hanta kan mayar da ita wata guba mai suna acetaldehyde, sannan sinadarin ALDH ya narkar da gubar. Disulfiram na toshe wannan mataki na biyu, sai fuska ta yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, amai ya taso. Mashaya da yawa saboda wannan wahala suke yin watsi da shi. Naltrexone, wanda Amurka ta amince da shi don jarabar giya a 1994, tushensa thebaine ne na furen ofiyom, kuma aikinsa dushe daɗin da ƙwaƙwalwa ke ji daga sha.

Tsiron da ya fi jan hankalin masana shi ne kudzu, mai yaɗo irin na wake, wanda masu maganin gargajiya na Sin suka shafe ɗaruruwan shekaru suna bai wa mashaya saiwarsa da furensa. A 1993 Wing-Ming Keung da Bert Vallee na Jami'ar Harvard suka nuna cewa daidzin, sinadarin da ke cikin saiwar, ya rage shan barasa da fiye da rabi a jikin wasu ɓerayen Siriya masu fifita barasa a kan ruwa. A 2005 Scott Lukas na Asibitin McLean ya gwada kudzu a kan mutane. Aka shirya ɗaki kamar falon gida, da kujera da talabijin da firiji cike da giya. Waɗanda suka sha kudzu na mako guda suka koma kurɓa kaɗan-kaɗan, suka rage yawan kwalaben da suke shanyewa. Daga daidzin aka ƙera CVT-10216, wanda ya rage sha a jikin ɓeraye a binciken 2009.

Ba kowane tsiro ne ya zo da sauƙi ba. Ibogaine na saiwar iboga ta Gabon, wanda wasu ke amfani da shi don maganin shaye-shaye, yana rikita bugun zuciya, ya kuma halaka mutane da dama.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa, inda ake tallar sassaƙe da jiƙo na raba mutum da shaye-shaye. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta riga ta haɗa Niprisan na ciwon sikila daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. Irin wannan hanya ta awo da gwaji a asibiti ce za ta tantance saiwar da ke warkarwa da wadda ke ƙara wa hantar mashayi ciwo.