Yadda Wasa Ya Shiga Makarantun Arewa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Tun kafin zuwan Turawa yaran ƙasar Hausa ba su rasa abin motsa jiki ba. Almajiri yakan ɗebo ruwa, ya yo itacen da za a yi karatun dare da haskensa, da damina ya bi malaminsa gona. In an tashi ran Alhamis, ko farin wata ya fito, sai a taru a dandali a yi langa da kokawa da tsere. Amma ba wanda ya ɗauki waɗannan a kan darasi, wasa ne kurum.

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, aka shiga tara yara daga garuruwa dabam dabam, suna wuni zaune bisa karatu. To, yaron da aka raba da gona, in ba a sama masa wani abin ba, sai jiki ya mutu. Banda wannan kuma, inda aka tara yara wuri guda, nan ƙazuwa da ƙwarƙwata ke samun gindin zama. Don haka makarantun elementare da na Midil suka riƙa duba farce da haƙora da tufafi da safe, da la'asar kuma a fita fili. Aka riƙa yi wa yara lamba saboda agana, cutar da sai a 1980 aka tabbata ta ƙare a duniya.

A Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, wasa ya sami daraja ƙwarai. A can aka koyi kurket da ƙwallon ƙafa, da wani wasa na makarantar Iton ta Ingila, wanda a ke buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango uku, mutum biyu na karawa da biyu. Wannan ya karɓu, don ba ya bukatar kome sai bango da ƙwallo ɗaya, bangon kuwa ko na ƙasa ne ya isa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, gwaninsa ne, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Ɗaliban kwalejin da suka zama malamai su suka kai shi larduna.

Kai mai karatu, dubi wannan. Mutanen da ba su da kuɗi mai yawa sun keɓe wa yara fili da lokaci, don sun san ciwo ɗaya ya isa ya ɓata karatun shekara. Duk wanda ya gina ajujuwa ya cinye filin wasa, ya tuna icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.