Haƙurin Vic da Sha'awar Lyne: Inda Fim ɗin Deep Water Ya Ɓata Hanya

Tun da fim ɗin Deep Water ya fito a watan Maris na 2022, bakin yawancin masu sharhi ya zo ɗaya cewa bai kai inda aka sa masa rai ba. Wajen faɗin dalili ne aka rabu. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa, wanda shi ne ya jawo wannan maƙala, yana ɗora laifin a kan zamani. Wai masana'antar fim ta Amurka ta koma mai kunya, kamfanin Disney da ya gaji fim ɗin bayan sayen Fox a 2019 ya rasa yadda zai yi da shi, aka yi ta ɗage ranar fitowarsa, daga bisani aka tura shi dandalin kallon fim na Hulu ba tare da ya leƙa sinima ba. A wannan fahimta, da an sakar wa darakta Adrian Lyne mara kamar lokacin da ya yi Fatal Attraction (1987) da Unfaithful (2002), da an ga fim mai zafi. A ganina an karanta matsalar a juye. Sha'awar da Lyne ya zuba a cikin labarin ita ce ta kwance masa ƙulli, don haka ƙarinta ba zai gyara kome ba.

Tarihin wannan nau'i na fim mai haɗa sha'awa da fargaba sananne ne (Williams, 2005), haka nan muhawarar ko wajibi ne fim ya yi wa littafi biyayya (Bluestone, 1957, Hutcheon, 2006). Na yarda da matsayin da aka fi tsayawa a kai, cewa darakta yana da damar ya sauya abin da ya ga dama. Tambayata ita ce, idan ya cire ginshiƙin da ke riƙe da labari, me ya kafa a gurbinsa?

A littafin Patricia Highsmith na 1957, wanda daga cikinsa aka ɗauko fim ɗin, Vic Van Allen mai rufin asiri ne da ke cin gajiyar gado, yana da 'yar maɗaba'a a wani ƙaramin gari mai suna Little Wesley a jihar Massachusetts, yana kuma kiwon dodon koɗi. Ɗakin kwanansa daban yake da na matarsa Melinda, kuma ya daɗe da daina kusantarta. Samarinta suna zuwa har gida, shi ne zai dafa musu abinci, ya zauna da su har dare ya raba. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne a ce irin waɗannan mazan da yake yi wa kallon wawaye su ne ake haɗa shi da su a bakin mutane. Jarinsa duka yana wurin mutanen gari, waɗanda ke yi masa kallon mai haƙuri da aka jarraba da mace. Da ya yi ƙaryar cewa shi ya kashe wani tsohon saurayinta, samarin suka watse, abokansa suka ɗauka raha ce. Da aka kama ainihin wanda ya yi kisan, ƙaryar ta daina yi masa aiki, sai ya danne sabon saurayinta, makaɗin fiyano Charley De Lisle, a tafkin wanka ana tsaka da biki. Melinda ta tsaya a gaban jama'a ta ce mijinta ne ya kashe shi, gari ya ƙi saurarenta. Nan fargabar littafin take: mai karatu yana zaune cikin kan Vic, ya san gaskiya, yana kuma kallon mutanen kirki suna kare mai kisa saboda ya iya gaisuwa. Mugu ba shi da kama.

Fim ɗin, wanda Zach Helm da Sam Levinson suka rubuta, ya dawo da labarin birnin New Orleans na yau. Vic, wato Ben Affleck, ya zama attajirin da ya ƙera wata 'yar na'ura da ake sa wa jirage marasa matuƙi, ya yi ritaya da ƙuruciyarsa. Babban sauyin kuwa shi ne yana mararin matarsa. Kyamara takan tsaya a kansa yana leƙen Melinda, wato Ana de Armas, ta taga ko daga saman bene tana rawa da wani, ita ma tana sane da cewa yana kallo, kuma ma'auratan suna haɗa shimfiɗa. Da zarar an yi haka, kisan ya zama na kishi, irin wanda mai kallo ya gani sau ba adadi. Mutanen gari da suka kasance alƙalai a littafin sun koma abokan shan giya da ke jefa wa Vic shawara a gefen biki. Dodon koɗin yana nan, amma ya rasa aikin yi. A littafin yana nuna mutumin da ya fi jin daɗin kallon ma'amalar ƙananan halittu a cikin gilashi fiye da taɓa ɗan Adam. A fim ɗin, inda Vic ke da zafin jini, ya zama baƙon ɗabi'a kawai da aka kwaso daga littafi.

Mai kare Lyne yana da amsa, kuma ba mai rauni ba ce. Zai ce Vic na Highsmith ba ya ɗaukuwa a kyamara, domin mutumin da duk rayuwarsa ke cikin kansa, fuskarsa ba ta nuna kome, zai gundiri mai kallo cikin minti goma. Zai ƙara da cewa auren 1957 ba na 2022 ba ne. A wancan lokaci saki abin kunya ne a ƙaramin gari, kuma sai a 1969 California ta fara kafa dokar rabuwa ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Yau me zai hana Melinda tattara kayanta? Dole a samo wata igiya da ta ɗaure su, kuma Lyne ya zaɓi sha'awa: miji da mata da kishi da haɗari ke rura musu wuta, kowa ya san wasan da ɗan'uwansa ke yi. Sa'an nan zai kawo hujjarsa mafi ƙarfi. Michel Deville ya mayar da wannan littafi fim a Faransa a 1981 da sunan Eaux profondes, tare da Jean-Louis Trintignant da Isabelle Huppert, shi ma, saɓanin littafin, ya bar Melinda da rai kamar yadda Lyne ya yi, kuma ana ganin fim ɗin da daraja. Me zai sa abin da ya halatta ga Deville ya haramta ga Lyne?

Wannan hujja ta tilasta mini rage faɗin da'awata. Ba zan iya cewa labarin ba ya karɓar sha'awa ko kaɗan ba, kuma sauya ƙarshensa shi kaɗai ba aibu ba ne. Abin da nake jin hujja za ta iya ɗauka shi ne cewa Lyne ya zaɓi sabon labari, amma ya ci gaba da tafiya a kan tsarin tsohon. Idan wasa ne tsakanin mutum biyu, wajibi ne mai kallo ya san mutum biyun. Highsmith tana da uzurin barin Melinda a duhu, tunda ta idon Vic muke ganinta, kuma idon nan ba abin yarda ba ne. Lyne ba shi da wannan uzuri. Duk da haka Melinda tasa ba ta wuce maye da tsokana da sauya saurayi ba. Ba a ba ta ko fage ɗaya da za mu gane abin da take nema a wurin Vic ba. A tsakiyar fim tana zarginsa da kisa da iyakar gaskiyarta, har tana haɗa kai da marubuci Don Wilson a ɗauko mai bincike. A ƙarshe ta tsinci walat ɗin Tony Cameron, saurayinta na baya-bayan nan, a wurin dodon koɗi, ta tabbatar mijinta ya kashe shi, ta fara haɗa kaya, sai kuma ta ƙone shaidar ta zauna. Mai yiwuwa ana so mu fahimci cewa kisan ne ya gamsar da ita cewa yana son ta. Idan haka ne, babu matakalar da aka gina zuwa wurin.

Dubi kuma yadda aka rabu da Wilson. A littafin shi ne ya ga Vic a wurin fasa dutse inda ya nutsar da gawar Cameron, Vic ya koma gida ya shaƙe Melinda, 'yan sanda suka tafi da shi yana ci gaba da raina kowa a zuciyarsa. Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan kamun kai, kamun kan ne ya kuɓuce masa. A fim ɗin Wilson, wato Tracy Letts, ya figi mota yana ƙoƙarin rubuta saƙo a waya da hannu ɗaya, Vic na bin sa a kan keke ta cikin daji, motar ta kauce ta faɗa rami. Hatsarin mota ne ya warware abin da ya kamata halin mutanen ya warware. Ba na jin akwai wanda zai iya ɗora wannan a kan Disney ko kunyar zamani, domin a rubutun yake.

Akwai abin da ya kamata a ba masu ɗora laifin a kan zamani. Gaskiya ne manyan kamfanoni sun ja baya daga irin wannan fim, kuma shekara 20 da Lyne ya yi bai fitar da kome ba ta sa an ɗora wa Deep Water nauyin farfaɗo da nau'i guda, nauyin da ya fi ƙarfin kowane fim. Wannan yana bayyana girman takaicin masu kallo, amma bai bayyana raunin aikin ba. Ko a Unfaithful, abin da ya riƙe fim ɗin shi ne fuskar Diane Lane a cikin jirgin ƙasa, tana dariya tana hawaye bayan ta ci amanar mijinta. Lyne ya san yadda ake shiga zuciyar mace a can, a nan ne ya tsaya daga waje.

Saboda haka ina kira ga masu nazari da su daina auna wannan fim da yawan tsiraici ko ƙarancinsa, su koma ga rubutun Helm da Levinson su kwatanta shi da na Deville, fage bayan fage. Hukuncina shi ne, Deep Water ya faɗi ne domin ya cire mutuncin Vic a idon gari, wanda shi ne ƙashin bayan littafin, sa'an nan ya kasa rubuta matar da sabon labarinsa ke buƙata.