Tarihin Yanka Siteshin Wagon a Mayar da Ita Mai Ƙofa Biyu

Bayan taronmu na watan jiya wasu daga cikinmu sun daɗe a tsaye a bakin ƙofa ana gardama a kan wata tsohuwar Peugeot 504 siteshin wagon da ɗaya daga cikin matasanmu ya gada daga mahaifinsa. Motar ta daɗe a ajiye. Yaron ya ga hoton wata wagon ta Amurka mai ƙofa biyu a waya, ta burge shi, yana so ya kai tasa wajen fanel-bita a yi mata irin wannan aikin. Dattawa suka ce ɓarna ce, matasa suka ce gyara ne. Da aka kasa daidaitawa sai aka ce sakatare ya rubuta mana asalin abin. To ga shi.

Sunan da kansa daga tashar jirgin ƙasa ya fito. A farkon ƙarni na 20 a Amurka, otal-otal suna aika mota tasha ta ɗauko baƙi da akwatunansu. Kamfanonin mota ba su ƙera irin wannan motar a lokacin. Sai mutum ya sayi shasi da injin Ford Model T, ya kai wa kafinta ya ɗora masa jiki na katako. A 1929 ne Ford ya fara sayar da wagon tasa ta kansa a kan Model A, ita ma da katako. Katakon yana da kyau a ido amma wahala ne da shi. Yana son a riƙa shafa masa banish, yana ruɓewa, yana kuma ƙara in an shiga gargada.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ƙarfe. Kamfanin Willys ya fito da wagon ta ƙarfe zalla a 1946, Plymouth ya biyo baya da Suburban a 1949. Abin da zai ba dattawanmu mamaki shi ne dukkansu biyun ƙofa biyu gare su a gefe. Wagon ɗin da Ford ya yi daga 1949 zuwa 1951 ma haka suke. Ke nan ƙofa biyu ba shirmen yaran zamani ba ne, da ita wagon ta ƙarfe ta fara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ta fi arha wajen ƙerawa, jikin ya fi ƙarfi saboda ramukan da aka huda a gefensa ba su da yawa, sannan iyaye suna son ta don yaran da ke kujerar baya ba su da ƙofar da za su buɗe mota tana gudu.

Amma motar da ta sa har yau ake ɗaukar abin yanka ƙarfe a kan wagon ita ce Chevrolet Nomad. A watan Janairun 1954 kamfanin General Motors ya baje sababbin ƙirarsa a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York. A cikinsu akwai wata mota mai fuskar Corvette, wato motar gudu, da bayan wagon. Shugaban sashen zane na kamfanin, Harley Earl, ya ga yadda jama'a suka yi mata caa, sai ya sa aka ɗauki fasalin rufinta aka ɗora a kan Chevrolet Bel Air ta 1955. Ginshiƙin tsakiyarta a karkace yake zuwa gaba, gilashin gefe ya zagaya har baya, rufin yana da tsage-tsage a kwance, murfin baya kuma a kishingiɗe da sanduna bakwai masu walƙiya. Mota ce ta ɗaukar kaya amma in ka gan ta a tsaye sai ka rantse gudu take yi.

A kasuwa kuwa ba ta yi abin kirki ba. Ta fi kusan kowace Chevrolet tsada in ka cire Corvette. Murfin bayan nan mai kyau yana cin wurin kaya, ruwan sama kuma yana yoyo ta gefensa. Mai iyali da ya zo sayen wagon yana tunanin tsohuwarsa da za ta sunkuya ta ratsa bayan kujerar gaba kafin ta zauna. A shekara uku, 1955 zuwa 1957, abin da aka ƙera bai wuce dubu 22 da 'yan ɗaruruwa ba, alhali a 1955 kaɗai Chevrolet ya sayar da motoci sama da miliyan ɗaya da rabi. A 1958 aka ɗauke sunan Nomad aka manna wa wata wagon mai ƙofa huɗu. Sauran ma suka bi sahu a hankali. Babbar wagon mai ƙofa biyu ta ƙarshe a Chevrolet ita ce Brookwood ta 1960, a Ford kuma Ranch Wagon ta 1961. An ɗan ci gaba da yi a matsakaitan motoci irin Chevelle da Falcon har 1965, daga baya sai a ƙanana irin Vega da Pinto. Kafin ta ɓace dai ta bar 'ya'ya: Ford Ranchero ta 1957 da Chevrolet El Camino ta 1959, a-kori-kura masu fuskar motar gida, dukkansu a kan jikin wagon mai ƙofa biyu aka gina su.

To abin da kamfani ya daina yi, gareji ya ɗauka. Tun bayan yaƙin akwai al'adar sauya wa mota kama a jihar Kalifoniya. Samari da suka koyi walda da bugun kwano a soja ko a masana'antun jirgin sama suka dawo gida da sana'a a hannu. Fitattu a cikinsu su ne wasu 'yan uwa biyu, Sam Barris da George Barris, a yankin Los Angeles. Sam ya yanke ginshiƙan wata Mercury ta 1949 tana kusan sabuwa ya sauke rufinta ƙasa, irin aikin da ya zama abin koyi. A lokacin da narkakkiyar dalma suke cike gurbin walda su goge har ya yi sumul, domin fotin roba da fanel-bitocinmu suke shafawa yau bai yaɗu ba tukuna. Su waɗannan mutanen ba wagon ce damuwarsu ba, motar iyaye ce a wurinsu. Amma su ne suka kafa tunanin cewa jikin mota abu ne da za a iya yankawa a sake ɗinkawa kamar yadi a hannun tela.

Shekaru suka wuce, Nomad ɗin da aka ƙi saye tana sabuwa ta zama abin nema ruwa a jallo, kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Su kuwa wagon masu ƙofa huɗu an ƙera su da yawan gaske, sun gama yi wa iyalai bauta, suna zube a wuraren 'yan gwangwan, wasu ma ana kai su gasar da ake kara motoci da juna har su lalace. Mai son ƙofa biyu da ba shi da kuɗin ta asali sai ya sayi mai huɗu da araha ya yanka. Masu wannan aikin kashi biyu ne. Wasu suna kwaikwayon abin da kamfani ya taɓa yi. Nomad kanta tana da wuyar kwaikwayo saboda rufinta da gilasanta nata ne ita kaɗai, don haka galibi abin da ake samu ya fi kama da Handyman, ƙanwarta mai arha ta shekarun nan. Wasu kuma suna ƙera abin da kamfani bai taɓa yi ba, kamar wagon ta 1966 mai ƙofa biyu, su yi aikin da tsafta har masani ya tsaya yana tambayar kansa ko ya manta da wata ƙira ce. Irin wannan Amurkawa suna kiranta motar fatalwa. Ni a wurina su ne suka fi burgewa, don ba su yaudarar kowa da sunan asali.

Ga inda nake so matasanmu su nutsu. Aikin ba toshe ƙofar baya da walda ba ne kawai. Wanda ya yi haka zai samu mota mai guntuwar ƙofa da dogon bango, ba kyau, kuma ba mai iya shiga baya. Ƙofar mota mai ƙofa biyu ta fi ƙofar gaba ta mai huɗu tsawo. Saboda haka sai an nemo wata mota mai ƙofa biyu ta kamfani ɗaya da shekara ɗaya, an ciro ƙofofinta da ginshiƙanta da kwanon gefenta. Kafin a taɓa komai ana kwashe kujeru da gilasai, a ƙulle cikin motar da bututun ƙarfe a gicciye, domin da zarar an yanke ginshiƙin tsakiya rufi zai iya sauka, jiki ya murɗe, ba ƙofar da za ta sake rufuwa daidai. Sannan a rataya doguwar ƙofar tukuna, ita ce za ta nuna inda ginshiƙin zai koma. A mayar da shi baya a kama shi da rufi da dokin ƙofa, a cike ragowar ramin da kwano. Waldar ma ɗigo-ɗigo ake yi, nan da can, ana bari yana hucewa, don zafi yana lanƙwasa kwano mai faɗi. Kujerar gaba kuma dole a sauya ta da mai karyewa.

Gilashi shi ne ke kayar da mutane da yawa. Motocin shekarun 1950 gilashin gefensu a miƙe yake, ana iya yanka sabo a kowane shagon gilashi. Na motocin baya yawanci a lanƙwashe yake, kuma irin wanda aka gasa ne, da ka sa masa abin yanka zai tarwatse kamar tsakuwa. Akwai kuma masu zarcewa su rage tsawon motar gaba ɗaya, su cire yankin ƙofar baya daga rufi har shasi su haɗe gaba da baya. Wannan yana jawo rage furofela, da bututun birki da na mai, da wayoyi, da salansa.

Turawan Ingila ta ɗaya ɓangaren suka ɓullo wa abin. Su motar gudu mai ƙofa biyu suke ɗauka su ƙara mata bayan wagon, don masu kuɗin da ke zuwa farauta da karnuka da bindigogi. Mai kamfanin Aston Martin, David Brown, ya sa an yi masa haka da DB5, daga nan wani kamfanin ƙera jikin mota mai suna Harold Radford ya yi guda 12 ga masu so.

Yanzu mu dawo kan Fijo. An fito da 504 a Faransa a 1968, wagon ɗinta ta biyo baya a 1971 da ƙarin tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya, har da mai layin kujeru uku. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a Najeriya har 2006, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin nan Kudu da gida a shekarun 1980 da 1990 ya san kujerar can baya da yadda gwiwa ke ƙagewa a cikinta kafin a kai Jebba. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne an taɓa yin 504 wagon mai ƙofa biyu. Kamfanin zane na Italiya, Pininfarina, wanda ya yi 504 Coupé, ya nuna wata mai suna Riviera a bajekolin motoci na Geneva a 1971. Peugeot bai shiga ƙera ta don sayarwa ba. Ke nan abin da yaronmu yake mafarki, manyan masu zane sun riga shi, kuma su ma ba daga wagon suka faro ba, daga Coupé suka faro.

Wannan yana da muhimmanci saboda dalili biyu. Na farko, jikin Coupé daban yake da na salun da wagon, ƙofarta ba za ta hau ba ko da an same ta, ita kuwa ƙofar 504 a-kori-kura gajeriya ce. Sai dai a yanka ƙofofi biyu a haɗa su a yi doguwa ɗaya, a kuma nemi yadda za a yi da gilashinta. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, Chevrolet ta 1955 jiki ne a ɗore kan shasi mai zaman kansa, in ka yanka jikin shasin yana nan yana riƙe da mota. Ita 504 jikin ne shasin. Rufi da ƙasa da dokin ƙofa da ginshiƙai su ne ke ɗauke da nauyi tare. Ginshiƙin tsakiyar nan da ake son matsarwa shi ke tare motar da ta bugo ta gefe, shi ke hana rufi murƙushewa in an ƙundumbala, a jikinsa kuma bel ɗin direba yake ɗaure. Waldar kabaid da aka lulluɓe da foti za ta yi kyau ranar da aka fesa fenti, amma ba wanda zai san ƙarfinta sai ranar hatsari.

Ba na raina masu sana'armu. Na ga fanel-bita a nan garin ya miƙar da motar da kowa ya ce ta 'yan gwangwan ce. Wanda ya ƙware, ya sami lokaci da waldar lantarki mai kyau, zai iya wannan aikin. Amma ra'ayina a kan wannan motar shi ne a fara duba ƙasanta. Su Amurkawan da muke kwaikwayo sun yanka masu ƙofa huɗu ne lokacin da suke zube ba mai so, kuma yau wagon ɗin da ba a taɓa ba su ma sun yi daraja. 504 wagon mai lafiyayyen jiki ta fara wuyar gani a titunanmu. In tsatsa ba ta ci dokin ƙofa da gindin ginshiƙai ba, a gyara injin a yi mata fenti a bar ta da ƙofofinta huɗu, in ya so yaron ya sayi ruɓaɓɓen kwarangwal a wajen 'yan gwangwan ya koyi yanka a kansa. In kuwa ta riga ta ruɓe, to babu abin da za a yi asara, sai dai a kiyaye lambar shasi kada a yanke ta, a kuma daidaita takardun motar da sabuwar kamarta kafin ta hau titi.

Mun yi da shi da wani bakanike daga cikin mambobinmu za mu je ranar Asabar a ɗaga ta a jak a leƙa. Wanda yake da tocila mai haske ya taho da ita.