Daga Ƙofar Ran zuwa Jidda: awa biyar a sama, shekaru a ƙasa

Duk shekara idan muka raka maniyyata filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, tambaya ɗaya yara ke yi mana: awa nawa ne zuwa Jidda? Amsar ba wuya. Tsakanin Bauchi da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan jirgi ya miƙe sak, tafiyar wajen awa biyar. Wanda ya yi asuba a unguwar nan yana iya yin magariba a ƙasa mai tsarki.

Kakanninmu kuwa da shekaru suke ƙirga wannan nisa. Mutum zai raba dukiyarsa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar kowa, sannan ya kora jakinsa ya nufi gabas. Daga nan sai Yerwa, sai Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, sai Abeche, a shiga Sudan ta Jinaina, a bi Fashir da Ubayyid har Khartum. Daga can a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya a jira jirgin ruwa. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago, ko noma, ko ɗibar auduga a Jazira, sai an tara na gaba. Wasu sun dawo da furfura, wasu can ƙasa ta rufe idonsu.

Da yawa kuma sun zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a gefen kogin Nilu. Har yau ana jin Hausa a kasuwannin Sudan.

Jirgin sama ma wannan tsohuwar hanya ya biyo. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 na sojan Ingila ne, daga Masar suka taso ta Sudan. A 1936 aka fara jigila a kai a kai tsakanin Khartum da Kano. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara komawa sama, sannu a hankali hanyar ƙasa ta bushe.

Alhamdu lillahi, sauƙi ne daga Allah, ba mu raina ba. Sai dai mun yi asarar abu guda. Mai tafiyar ƙasa ya san gidan da aka ba shi ruwa da masallacin da ya kwana. Mu kuwa muna wuce ƙasar nan duka muna gyangyaɗi a kujera.

Sai da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, sannan muka tuna akwai mutane a ƙarƙashin hanyar. Mu ƙarin awa ya dame mu. Su gidajensu suka bari, har da jikokin waɗanda suka fito daga garuruwanmu.

Don haka, jama'a, duk gidan da ke da kaka ko kawu da ya tafi gabas bai dawo ba, a tambayi tsofaffi sunansa da garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe, a rubuta tun suna raye. Maniyyaci kuma ya sa su cikin addu'a a Arfa. Allah Ya kawo musu zaman lafiya, Ya jiƙan magabata.