Dariya a Bakin Almakashi: Daga Hollywood Zuwa Ibro

Ga maƙalarmu ta wannan mako.

Mu da muka taso a Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, yawancinmu a kaset muka fara sanin fim ɗin barkwanci, ta hannun marigayi Rabilu Musa Ibro. Amma tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, kuma finafinan Turawa aka riƙa haskawa kafin na Indiya su ƙwace kasuwar.

Finafinan Amurka na wancan zamani a cikin takunkumi aka yi su. Daga 1934 kamfanonin Hollywood suka tsaurara dokar da ake kira Hays: ba batsa, ba ashar, ba yi wa malaman addini ba'a, mai laifi kuma ba ya cin bulus. Sai an tace rubutun kafin a ɗora kyamara. Wannan ya sa marubutansu suka ƙware a habaici da hannunka-mai-sanda.

A 1959 Billy Wilder ya fitar da Some Like It Hot, wanda suka rubuta tare da I. A. L. Diamond. Makaɗa biyu ne suka ga kisan gilla a Chicago. Don su tsira, sai suka yi shigar mata, suka bi ayarin makaɗa mata zalla, ciki har da Marilyn Monroe, zuwa Florida. Abin da ya riƙe labarin shi ne tsoro: ranar da asiri ya tonu, sai dai gawarsu. Duk da haka jihar Kansas ta hana haska shi. A 1968 aka soke dokar.

Mu ma mun ga irin wannan. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2008 aka ɗaure Ibro kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disamban 2014, Allah ya jiƙansa.

Da yawa daga cikinmu muna kukan cewa tacewa ta ɗaure mana alƙalami. Alhali a gida muka gaji habaici, gugar zana, zaurance da wasan Barebari da Fulani. Abin da ya yi ƙaranci a rubutunmu shi ne jarumin da ke da abin asara; ashar da gwatso ba za su cike wannan giɓi ba.

Aikin mako: kowa ya rubuto fitowa ɗaya a kasuwar Kazaure, inda mutum ke ɓoye wa surukinsa wani abu. Ba zagi, ba duka. Mu ga wa zai sa mu dara.